Darasin Kiwo: Bitamin D Da Cututtukan Bairos A Jikin Kaji

 

Darasin yau wata tambaya ce ta haife shi. Wani ɗan uwa daga wajen Kiyawa ya zuba buroila ɗari, sun shiga sati uku, sai ya lura wasu sun zauna a kan gwiwa, ko wurin ruwa ba sa iya tashi su je. Bayan 'yan kwanaki kuma mutuwa ta fara, yau uku, gobe takwas. Ya je kanti aka ba shi bitamin na zubawa a ruwa, aka ce masa ƙarancin bitamin D ne ya karya musu garkuwa har cuta ta shiga. Shi ne yake tambaya: da gaske ne? Kuma in ya dage da ba su bitamin ɗin, mutuwar za ta tsaya?

Toh, maganar da aka gaya masa akwai gaskiya a cikinta, amma rabi ce. Ɗaya rabin da ba a faɗa masa ba shi ne yake cinye jarin mutane duk shekara idan hunturu ya shigo. Don haka a yi haƙuri a karanta har ƙarshe, darasin yana da ɗan tsawo.

Da farko mu san shi kansa bitamin D ɗin. Hanya biyu kaza ke samunsa: ko dai ta ci shi a abinci, ko kuma fatarta ta haɗa shi idan hasken rana ya taɓa ta kai tsaye. A jikin kaza, fatar ƙafa da sauran wuraren da babu gashi su suka fi yin wannan aiki. Kuma ba kowane haske ba ne. Wani ɓangare ne na hasken rana wanda ido ba ya gani, gilashin taga yana tare shi, kwanon rufi kuwa ba a magana. Hasken ƙwan lantarki na ɗaki ba ya yin wannan aikin, zafin gawayi ma ba ya yi.

Bayan ya shiga jiki ma ba nan take yake fara aiki ba. Sai ya je hanta ta juya shi, daga nan ya wuce ƙoda ta sake juya shi, sannan ya zama abin da jiki zai amfana da shi. Ku riƙe wannan magana ta hanta da ƙoda, za mu dawo kanta. Babban aikinsa shi ne buɗe hanya a hanji don kalsiyam da fosfaras da ke cikin abinci su shiga jini, su je su gina ƙashi da ɓawon ƙwai. In babu shi, ko ka cika abinci da garin ƙashi, mafi yawansa ta kashi zai fita.

Akwai kala biyu a kasuwa, D2 da D3. Na kaji shi ne D3. D2 ƙarfinsa a jikin kaza bai wuce kashi ɗaya cikin goma na D3 ba, saboda haka in za ka saya ka duba takardar da kyau.

Yanzu wani zai ce, Malam, mu da muke Dutse, garin da rana ke dukan duwatsu har su yi zafin da ba a iya taka su, ina mu ina ƙarancin bitamin na rana? Ai tambayar ita ce, ranar tana taɓa kajin naka? Kazar Hausa da ke yawo a tsakar gida tana tono tun safe ba ta da wannan matsala. Amma 'yan tsakin gidan gona fa? Ka sa su a ɗaki, ka rufe tagogi da buhu da leda saboda iskar hunturu, ka kunna gawayi, sati uku ko huɗu ba su ga rana ba. Kuma daidai ka yi, domin in ka buɗe sanyi zai kashe su. Sai dai ka sani, daga ranar da ka kulle su, duk bitamin D da za su samu daga hannunka zai fito, wato daga abinci. Masara ba ta da shi, dawa ba ta da shi, waken soya da ƙuli-ƙuli da dusa duk babu wani abin kirki. Daga firimis yake zuwa, wannan ɗan garin da ake sawa kaɗan a haɗin abinci.

Wannan ba sabon abu ba ne. Kafin shekarun 1920, ko a Amurka an kasa kiwon 'yan tsaki a cikin ɗaki, domin da an kulle su sai ƙafafunsu su mutu. Masana a Jami'ar Wiskonsin ne suka nuna cewa hasken rana ko man hantar kifi yana magance abin. A 1922 aka raɗa wa sinadarin suna bitamin D. Kiwon gidan gona irin wanda muke yi yau, da bayan wannan ganowa ya samu tsayuwa.

Mu zo kan lissafi. Ana auna shi da wani ma'auni da za ku gani a jikin leda an rubuta IU. Kwamitin masana na Amurka da ake kira NRC, a littafinsa na 1994, ya ce mafi ƙarancin abin da buroila ke buƙata shi ne IU 200 a kowane kilo na abinci, masu ƙwai kuma IU 300. Amma wannan na hana gurguntaka ne kawai. Kamfanonin da ke samar da irin buroila na yanzu, masu girma cikin sati shida, suna ba da shawarar IU 4,000 zuwa 5,000 a kilo, masu ƙwai kuma wajen 3,000. Yawancin firimis da ake sayarwa ana sa kilo biyu da rabi ne a tan ɗaya na abinci, wato giram 250 a kilo 100. Ɗan abu ne ƙwarai, shi ya sa masu haɗa abinci a gida ke raina shi, wasu ma su tsallake shi gaba ɗaya don rage kashe kuɗi. Wanda ya tsallake firimis kuma kajinsa a kulle suke, ya sani sifiri suke samu.

In za ka haɗa, kada ka zuba giram 250 a kan tulin kilo 100 ka juya da shebur sau biyu ka ce an gama. Fara cakuɗa shi da kamar kilo biyu na garin masara, wannan kuma ka cakuɗa da kilo goma, sannan ka haɗa da sauran. In ba haka ba wata kazar ta ci da yawa, wata ko ɗanɗano. Sannan zafi da laima suna kashe ƙarfinsa. Firimis ɗin da ya kwana watanni a buɗe a shago mai rufin kwano, ya sha zafin Afrilu da Mayu, ba lallai ya kai abin da aka rubuta a jikinsa ba. Duba ranar ƙarewar aiki, sayi wanda za ka ƙarar da wuri, ɗaure bakin ledar ka ajiye a inuwa.

Sai kuma al'adar nan tamu ta ƙara dusa a abincin kamfani don ya yi auki. Na san tsada ce ta jawo, babu wanda ke yi don marmari. Amma mu yi lissafi tare. Buhun kilo 25 ka haɗa shi da dusa kilo 25. Bitamin D da yake 4,000 ya koma 2,000, wannan ma da sauƙi. Inda gizo ke saƙa shi ne kalsiyam: abincin 'yan tsakin buroila yana da kusan kashi ɗaya cikin ɗari, dusa kuma kusan babu, kenan ka mayar da shi rabi. Ɗan tsako mai girma da sauri, nama na ƙaruwa, ƙashi bai samu kayan gini ba, dole ƙafa ta gaza.

A nan zan kawo wani bincike na gida wanda ba a kan kaji aka yi shi ba, amma darasinsa namu ne. A Jos, likitoci sun duba yara masu lanƙwasar ƙafa, aka buga sakamakon a 1999. Kowa ya ɗauka ƙarancin bitamin D ne kamar yadda aka sani a Turai. Sai aka tarar yaran da aka ba kalsiyam, shi kaɗai ko tare da bitamin D, sun fi warkewa a kan waɗanda aka ba bitamin D shi kaɗai. Ranarmu ta ishe su, abincin ne babu kalsiyam. Haka abin yake a ɗakin kaji sau da yawa. Mutum ya yi ta zuba bitamin a ruwa, alhali garin ƙashi da farar ƙasa ta abincin kaji ne babu a haɗinsa.

Toh ina maganar garkuwar jiki da bairos? Ga abin da aka tabbatar. Ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta suna da wurin karɓar bitamin D a jikinsu, a mutum da kaza duka. Yana taimaka musu wajen fitar da wasu sinadarai masu kashe ƙwayoyin cuta, kuma yana taimakawa wajen hana kumburi wuce gona da iri. Saboda haka jikin da ya rasa shi, garkuwarsa ba ta cika ba. Wannan ita ce rabin gaskiyar da aka gaya wa ɗan uwanmu.

Amma a kan mutane aka fi yin gwaji mai yawa, kuma abin da ya fito ya kamata kowane mai kiwo ya ji shi. A 2017 an tattara gwaje-gwaje 25 da aka yi a kan mutum sama da 10,000, aka ga shan bitamin D yana ɗan rage kamuwa da mura da cututtukan numfashi. Ɗan ragewa fa, kuma waɗanda suka fi amfana su ne waɗanda dama jikinsu ya yi ƙasa sosai, suke sha kaɗan-kaɗan kullum ko duk sati. Da korona ta zo a 2020, aka lura da yawa daga waɗanda ciwon ya kwantar bitamin D ɗinsu ya yi ƙasa, sai duniya ta ɗauka an samu magani. A Brazil aka gwada: mutum 240 da ke kwance a asibiti, rabi aka ba su IU 200,000 a lokaci guda, rabi ba a ba su ba. Ba a ga bambanci a kwanakin da suka yi a asibiti ba. A Ingila ma aka gwada a kan mutum sama da 6,000, aka buga a 2022, bai hana kamuwa ba.

A taƙaice, cike giɓi yana da amfani kafin cuta ta zo. Ɗura shi bayan bairos ya riga ya shiga ba ya korar bairos. Ni a ganina wannan ita ce maganar da ya kamata a rubuta a ƙofar kowane ɗakin kaji.

Akwai kuma wani abu da ke ruɗa mutane: wani lokaci cutar ce ke jawo ƙarancin, ba ƙarancin ne ya jawo cutar ba. Kun tuna hanta da ƙoda? Masara ko ƙuli-ƙulin da ya yi fumfuna yana ɗauke da guba mai lalata hanta, kuma gubar nan tana karya garkuwa. Irin wannan kazar ko abincinta cike yake da bitamin D, hantar ba za ta juya shi yadda ya kamata ba, ga ta kuma a buɗe ga kowace cuta. Masu sayen masara da gyaɗa a Shuwarin ko Gujungu, musamman kayan da aka adana da laima bayan damina, a sa hannu har ƙasan buhu, a sansana, a duba. Arha ba ta biyan asara. Haka nan akwai wani bairos na mashaƙon kaji, ɗan gidan su korona ne amma ba ya kama mutane, wani nau'insa ƙoda yake bugawa, kuma yana lalata ɓawon ƙwai. Akwai masu lalata hanji har abinci ya riƙa fita bai narke ba. Sannan duk kazar da ba ta da lafiya cin abincinta raguwa yake, in ci ya ragu bitamin ya ragu. Kun ga abin zagaye ne.

Don haka abu mafi muhimmanci shi ne ka iya bambancewa. Ƙarancin bitamin D ko kalsiyam a hankali yake zuwa. Yakan bayyana daga sati biyu zuwa huɗu. Ɗan tsakon idonsa garau, in ka kai masa abinci gabansa zai ci, tafiya ce ke ba shi wuya, ya yi taku biyu uku ya zauna. Kama bakinsa ka ɗan matsa, za ka ji ya yi laushi yana lanƙwasuwa kamar roba. In ɗaya ya mutu ka gwada karya ƙashin ƙafarsa, maimakon ya ce ƙas sai ya tanƙware. Kuma mutuwa ba ta yawa, sai waɗanda aka tattake ko ƙishirwa ta kashe.

Gumboro ba haka take ba. Farat ɗaya take zuwa, galibi tsakanin sati uku zuwa shida. Jiya lafiya lau, yau sun takure, gashi ya tashi, farin zawo kamar ruwa ya ɓata bayansu, wasu na tsattsagar duburarsu. Mutuwa ta hau kwana uku zuwa huɗu, sannan ta sauka cikin kamar sati guda. Bairos ɗin wata 'yar jaka yake ci da ke saman dubura daga ciki, wadda a nan ne ake ƙera ƙwayoyin garkuwa. Shi ya sa waɗanda suka tsira ma sukan zama kowace cuta ta zo ta same su. Labarin ɗan uwanmu na Kiyawa ya fi kama da abu biyu a jere: ciwon ƙafa daga abinci, sannan Gumboro ta biyo baya. Bitamin zai taimaki na farko, na biyun kuwa rigakafi ne ya kamata ya tare shi tun kafin ya zo. Amma tabbacin wannan sai likitan dabbobi ya buɗe gawar ya gani.

Niyukasul, wadda a ƙauye ake ce wa fakat, ita ba ruwanta da shekaru, kuma lokacin hunturu ne kakarta a Arewa. Koren zawo, numfashi da baki buɗe, murɗewar wuya, ƙwai ya faɗi ƙasa warwas. Ita ce ke share kajin Hausa a unguwa guda, kajin da suka fi kowa shan rana. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka rana ba ta maye gurbin rigakafi. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a Jihar Filato tana yin rigakafin Gumboro da Lasota, da kuma wani mai suna I-2 wanda ya fi jure zafi, ana ɗiga shi a ido, ya dace da kajin gida, ana maimaitawa duk wata uku zuwa huɗu.

Murar tsuntsaye kuwa babu wasa a cikinta. A Fabrairun 2006 aka fara tabbatar da ita a Najeriya, a wata gona da ke Jaji a Jihar Kaduna, ta sake dawowa a farkon 2015 ta Kano da Legas, kuma mu da Kano kasuwarmu ɗaya ce. In ka ga mutuwa mai yawa cikin kwana ɗaya ko biyu, kai ya kumbura, tukku ya yi shuɗi-shuɗi, ƙafa ta yi jaja-jaja kamar jini ya kwanta, kada ka yanka, kada ka buɗe gawa, kada ka kai kasuwa. Kai rahoto ofishin likitan dabbobi na gwamnati mafi kusa. Tana iya kama mutum.

Ga masu kajin ƙwai, ƙwai mai laushin ɓawo ba kullum ne bitamin D ba. Ɓawon ƙwai ɗaya yana cin kusan giram 2 na kalsiyam, kazar kuma tana buƙatar wajen giram 4 a rana. In laushin ya zo a hankali kuma kaji lafiyarsu ƙalau, duba abinci. In lokacin zafi ne suna haki, hakin kansa yana rage kaurin ɓawo, gyaran iska da ruwan sanyi ake buƙata. In kuwa farat ɗaya ne, ga tari, ga ƙwai mai murɗaɗɗen siffa, farin cikinsa kamar ruwa, tunaninka ya tafi kan bairos.

Wani zai ce to bari in riƙa fito da su rana kawai. In kana da fili a killace da raga, wanda kajin maƙwabta da tsuntsaye ba sa shiga, ɗan hantsi yana da kyau ga Noila da kajin Hausa, a bar musu inuwar da za su koma. Amma sakin kajin gidan gona a tsakar gida su cakuɗu da agwagi da zabi da tattabaru don neman bitamin, wallahi an gudu ne ba a tsira ba. Bitamin ɗin da za ka iya saya a firimis bai kai ka buɗe wa Niyukasul ƙofa ba. Buroila kuma masu nauyi, rana mai zafi kashe su take yi.

A kula da wuce ƙima. Bitamin D ba ya fita ta fitsari kamar su bitamin B, taruwa yake a jiki. In ya yi yawa kalsiyam ya hau a jini ya je ya daskare a ƙoda. Don ku san ba wasa ba ne, akwai maganin ɓera da ake yi da D3 zalla. In takarda ta ce giram kaza a lita kaza na kwana uku zuwa biyar, tsaya a nan, kada ka ninka don kana jin tsoro. Kuma kada a ba 'yan tsaki abincin masu ƙwai da sunan ƙara musu kalsiyam, ya yi musu yawa, ƙodarsu zai lalata.

Masu tarwada ban manta da ku ba, sai dai naku gajere ne. Kifi daga abinci yake samun bitamin D, kuma yana iya jan kalsiyam daga ruwan da yake ciki, don haka fosfaras ya fi zama abin lura a abincinsa. Lanƙwasar baya da tsagewar kai da ake gani a tarwada an fi danganta su da ƙarancin bitamin C. In kana haɗa abincin kifi da kanka, nemi firimis na kifi, kada ka yi amfani da na kaji.

Ga ɗan uwanmu na Kiyawa da duk wanda ke cikin irin halinsa yanzu: ware marasa lafiya, kai gawa sabuwa ɗaya ko biyu wurin likitan dabbobi yau ba gobe ba, kada ka yi wa kajin da ke cikin ciwo rigakafi, ƙara musu ɗumi, matso da ruwa da abinci kusa da waɗanda ba sa iya tashi. Ba su bitamin ɗin bisa ƙa'idar da ke jikin takarda, zai tallafa musu, amma dakatar da ƙara dusa, koma abinci cikakke. Gawarwaki a binne su da zurfi ko a ƙone, kada a jefa a bola karnuka su ja. Idan wannan zubin ya fita, a kwashe shimfiɗa duka, a wanke ɗakin da maganin kashe ƙwayoyin cuta, a bar shi ya huta aƙalla sati biyu, domin bairos ɗin Gumboro yana daɗewa a ɗaki watanni. Kafin ka biya kuɗin sababbin 'yan tsaki kuma, ka karɓi jadawalin rigakafi a rubuce daga likita, ka tabbatar inda za ka sayi rigakafin suna ajiye shi a firji, kuma ka tafi da kula mai ƙanƙara ranar da za ka ɗauko.